Kalmar da Tasalla Ba Ta Ƙarasa Ba

Masu fito na zamanin da suna ba da labarin wani birni da ke ƙarƙashin mahaɗar koguna uku. Aljanun da ke cikinsa ba su noma, ba su kiwo, ba su da wata sana'a sai saƙa. Abin da suke saƙawa kuwa ba auduga ba ce, maganar 'yan Adam ce. Duk kalmar da ta fita daga bakin mutum, tun ranar da ya fara kiran inna har ranar da aka rufe masa ido, can take gangarawa ta zama zare. Mutum ɗaya aka sani ya shiga birnin nan ya dawo, shi ne Shekarau mai fito, na ƙauyen Marken Ruwa.

Shekarau yana da mata guda, Tasalla, da 'ya guda, Kyallu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Wata rana cikin damina, da rana tsaka, ya ƙetarar da waɗansu fatake zuwa hayi. Yana can sai kogi ya ɓalle. Ruwa ya taso ja wur, yana tafe da itatuwa da rumbuna da gawarwakin awaki. Da ƙyar ya tuƙo ya dawo, ya tarar rabin ƙauyen ya kwanta. A bayan gidansu ya sami Tasalla, katanga ta danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Babu yarinya a bayanta.

Ya durƙusa ya tallafi kanta, ya ce, "Tasalla! Ina yarinyar?"

Ta buɗe ido da ƙyar. Da ta ga shi ne, sai ta yi murmushi, ta ce, "Tana hannun…"

Numfashinta ya tsaya a nan.

Bayan an rufe ta, dattawa suka zaunar da shi. Babbansu ya ce, "Shekarau, ai maganar a fili take. Tana hannun Allah za ta ce. Ruwa ya ci yarinya, sai ka yi haƙuri."

Shekarau ya girgiza kai, ya ce, "Baba, ni na ga majanyinta. A naɗe yake tsaf a ƙugunta, da hannunta ta kwance shi. Kuma uwar da ruwa ya ƙwace wa goyo ba ta murmushi."

Ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ga komai, don ranar kowa ta kansa yake yi. Mutane suka fara kwashe abin da ya rage musu suna komawa tudu, har ƙauyen ya zama kufai. Shi kaɗai ya zauna a bakin ruwa da jirginsa. Duk wanda ya ɗauka sai ya tambaye shi ko ya ga wata yarinya a hannun wani, har aka fara cewa mai fito ya taɓu.

Ran nan da hantsi wata tsohuwa ta zo, ta ce ya ƙetarar da ita, amma ba ta da abin ba shi. Ya ce ta shiga. Ta tako cikin ruwa zuwa bakin jirgi, da ta zauna sai ya ga ƙafafunta a bushe, har da ƙura. Ya gane ba mutum ba ce, amma ya daure ya yi mata tambayar da yake yi wa kowa.

Tsohuwa ta ce, "Ya kai mai fito, ba yarinya kake nema ba tukuna. Kalma kake nema. Ka gangara zuwa inda koguna uku suka haɗu, ka jefar da matuƙinka, ka bar ruwa ya yi yadda ya so da kai. Akwai masu ajiye maganar matarka. Sai dai ka sani, ba a shiga wurinsu a fito yadda aka shiga."

Ya juya zai ƙara tambaya, sai ya ga babu kowa a jirgin.

Bai koma ɗaukar ko guzuri ba. Ya gangara har mahaɗa, inda ruwa ke juyawa kamar ana tuƙa tuwo. Ya jefar da matuƙi, ya rufe ido. Jirgi ya yi ta kewayawa, ya nutse da shi. Da ya buɗe ido sai ya ga kansa a busasshiyar ƙasa, kogi yana gudu a bisa kansa kamar rufin ɗaki, hasken rana yana ratsowa kore shar.

A gabansa akwai ganuwa mai ƙofofi barkatai. Wani aljani na zaune a tsakiya, kunnuwansa kamar faifai, da wuƙa a hannunsa da faffaɗan dutse a gabansa, ga kwanduna jere a bayansa iya ganin ido. Kwaɗi sun cika wurin, suna kuka mai ban tausayi.

Shekarau bai san yaren da halittar nan ke ji ba. Sai ya yi yadda ya saba yi wa baƙi a jirgi, ya gaishe shi da Nufanci, ya ƙara da Zabarmanci, ya rufe da Hausa. Aljanin ya miƙa hannu ya cafke gaisuwar a iska, ya shimfiɗa ta kan dutse, ya yanyanka ta gutsi-gutsi kamar rake, kowane gutsure sauti uku. Ya watsa su baya, suka rarrabu cikin kwanduna uku, babu wanda ya rinjayi wani.

Aljani ya miƙe, ya ce, "Ya kai bil'adama, ni ne Sarkin Ƙofa. Ba na jin ma'anar maganar kowa, kuma ba na bukata. Kowane harshe yana da gutsattsarin da ya fi yawan haifarwa, da su nake gane ƙofar da mutum zai bi. Kai kuwa bakinka ya rabu uku. Ka ga kwaɗin nan? Duk baƙi ne da na kasa gane harshensu."

Shekarau ya ji fatar hannunsa ta fara sanyi tana santsi kamar ta kwaɗo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini rai!"

Sarkin Ƙofa ya ce, "Magana kaɗan ba ta isa shaida ba. Ka yi mai tsawo, ka yi da sauri, kafin maƙogwaronka ya kumbura."

Shekarau ya buɗe baki, sai abin da ke ransa ya zubo. Ya ba da labarin ruwa da katanga, da majanyi, da murmushin Tasalla. Yana faɗa yana kuka, ya manta da duk yaren da ya tsinta a bakin fatake, sai wanda uwarsa ta goya shi da shi. Wuƙa tana ta aiki. Ya ji aljanin yana gunaguni, "Tsa, ƙya, gwa, ɗau," gutsattsari suna ta faɗawa kwando ɗaya har ya cika ya zuba.

Sarkin Ƙofa ya ajiye wuƙa, ya ce, "Bahaushe ne kai, na bakin ruwa. Ban san abin da ka faɗa ba, amma gutsattsarin nan sun fi na kowa nauyi. Bi waccan ƙofa."

Ya shiga. Bai yi nisa ba ya iske wani baƙin tafki, ba a hango ƙarshensa. Duwatsu biyu ne kawai a bakin ruwan, sai wani farin kada mai gemu ya ɗora haɓa a kan ɗaya.

Kada ya ce, "Ya kai mai ƙetarar da mutane, yau kai za a ƙetarar. Hau duwatsun nan. Zan faɗi kalma biyu, ka cika ta uku yadda bakin jama'a ya saba cikawa. In ka dace, dutse zai taso a gabanka, na baya ya nutse. In ka kuskure, ni da 'ya'yana mun daɗe ba mu ci ba."

Shekarau ya hau, ƙafa ɗaya a kan kowane dutse.

Kada ya ce, "Sannu da."

Ya ce, "Aiki." Dutse ya taso, ya taka.

"Sai da."

"Safe."

"Allah ya."

"Kiyaye."

Haka suka yi ta tafiya, kada na iyo a gefensa, har gaɓar baya ta ɓace. Can kada ya ce, "Ruwa ya."

Shekarau ya ce, "Cinye."

Dutsen da yake kai ya karkace, ya zame har gwiwa, ya ga idanu jajaye sun kewaye shi. Kada ya ce, "Wannan bakin ciwonka ne, ba bakin jama'a ba. Manoma sun fi masu makoki yawa. Sake."

Ya ce, "Sauka." Dutse ya daidaita.

Da suka hango gaɓar gaba, saura taki kaɗan, kada ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Tana hannun."

Shekarau ya ƙi cikawa. Ya san kalmar, ita ce dattawa suka faɗa masa, ita ce ya ƙi karɓa tun ranar. Duwatsu suka fara nutsewa. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji.

Ya ce, "In na faɗa, na yarda ke nan 'yata ta mutu."

Kada ya ce, "Ban tambaye ka abin da ya faru ba, ban kuwa san shi ba. Abin da mutane suka fi faɗa nake tambaya."

Ruwa ya kai masa haɓa. Ya ɗaga kai, ya ce, "Allah," da wata murya da shi kansa bai gane ta ba. Dutse na ƙarshe ya taso. Ya rarrafa ya hau gaɓa, ya kifa fuska a ƙasa ya daɗe bai tashi ba. Kada ya dube shi, ya nutse.

Ƙarar masaƙa ce ta tashe shi. Ya bi ta har cikin wani soro da ba a ganin rufinsa. Aljanu ne birjik, kowa da hannu shida, zare yana sauko musu daga sama kamar yayyafi, suna kamawa suna ƙullawa. A can ƙurya wata mace na zaune kan karaga, gashinta fari, ya zubo ya haɗe da zaren da ke ƙasa har ba a sanin inda ya ƙare. Ita ce Magajiyar Masaƙa.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Magajiya ta ce, "Tashi, ɗan Adam, ka duba aikinmu don kada ka nemi abin da ba mu da shi. Kowane mutum da mayafinsa. Uku-uku muke ƙulla kalmominsa. Kalma ɗaya marainiya ce, ba ta nuna hanya. Biyu suna nuna hanyoyi da yawa. Da uku ƙulli ke kamawa. Mun gwada huɗu, mun gwada biyar, sai muka ga da wuya mutum ya maimaita su, zaren ya yi ta tsinkewa. Abin da mutum ya yawaita faɗa, zarensa kauri yake yi. Abin da ya faɗa sau ɗaya, kamar yanar gizo."

Ta tafa hannu, aka kawo mayafai uku aka rataye, duk launi ɗaya. Ta ce, "Ɗaya na matarka ne. In ka taɓa na wata, zai naɗe ka, ka zama zare a cikinsa."

Iska ta kaɗa, mayafan suka fara magana, dukansu da muryar Tasalla. Na farko yana cewa, "Don Allah dai, don Allah dai." Na biyu yana cewa, "Ni na sani, ni na sani." Shekarau ya dafe kai, muryar ta ruɗa shi, ya ji kamar ya rungume su duka. Sai ya daina sauraren murya, ya koma sauraren yadda kalmomi ke bin juna. Na uku ya ce a hankali, "Yo ni kuwa."

Haka take fara magana in ya dawo a makare ta ɓoye fushinta. Haka take cewa in ya yaba miyarta. Ya miƙa hannu ya dafa na uku, sauran biyun suka zube ƙasa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, a bar ta ta yi mini magana, ko kaɗan ne."

Magajiya ta ce, "Ba zai yi maka daɗi ba." Amma ta ja bakin zare.

Mayafi ya ce, "Yo ni kuwa na ce maka ka dawo da wuri rana ta yi zafi sai ka sha ruwa ya ƙare a randa babu kowa a gida sai ni kuwa na ce maka ka dawo…"

Shekarau ya ƙanƙame shi, ya ce, "Tasalla, ga ni na dawo! Wa kika ba yarinyar?"

Mayafi ya ci gaba da zubo maganarsa, daga randa ya koma kaji, daga kaji ya koma kasuwa, bai ko tsaya ba.

Magajiya ta saki zaren, wurin ya yi tsit. Ta ce, "Ba ita ba ce. Mayafi ba ya tuna abin da ya wuce kalma biyu a baya, da su yake laluben ta gaba. Ya san yadda take magana, bai san abin da take nufi ba. Mu ma haka. Zan iya nuna maka kalmomin da ta taɓa ɗorawa a rayuwarta a kan biyun nan na ƙarshe da ta faɗa maka. Wadda ta yi niyya ranar, wannan ta tafi da ita."

Ya ce, "Na yarda. A nuna mini."

Ta ce, "Da ladan aiki. Zaren mai rai ya fi na matacce ƙarfi, muna bukatarsa. Za ka bar mana duk kalmomin bakinka. Za ka ji in an yi maka magana, za ka san amsa a zuciyarka, amma harshenka ba zai ɗauke ta ba. Kalma uku kawai za mu bar maka, ƙulli ɗaya, kai za ka zaɓa."

Shekarau ya ce, "Wadda nake hira da ita ta riga ta tafi. A nuna mini."

Magajiya ta bi mayafin da yatsa har ta kai wani ƙulli, ta ce ga "tana hannun" nan. Zare uku ne suka fita daga jikinsa. Na farko kauri gare shi kamar igiyar ɗaure jirgi. Ta taɓa shi, muryar Tasalla ta fito tana dariya, "Tana hannun babanta."

Magajiya ta ce, "Duk sanda maƙwabta suka tambaye ta ina yarinya, amsar da ta fi bayarwa ke nan. In da ƙa'idarmu za a bi, kalmar da kake nema kai ne."

Shekarau ya dubi tafin hannunsa biyu, babu komai a ciki.

Ta taɓa na biyu, ya ce, "Tana hannun Gwaggo." Gwaggo Dudu ke nan, gurguwar tsohuwa maƙwabciyarsu. Shi da kansa ya ciro gawarta daga ɗakinta bayan ruwa ya janye, ita kaɗai.

Na uku da ƙyar ake ganinsa. Magajiya ta hura masa iska, ya ce, "Tana hannun Hajjo."

Sai da ya yi tunani kafin ya tuna ta. Wata Bafillatana ce mai tallar nono, takan biyo ta gidansu ran kasuwa, yakan ƙetarar da ita da ƙoranta. Ranar ruwa kuwa ran kasuwa ce.

Magajiya ta ce, "Sau ɗaya tak ta faɗi wannan, wata rana da ta shiga wanka. Kada ka ce mun yi maka alkawari. Mai yiwuwa kalmar da ta so faɗa ba ta taɓa faɗarta ba, ba ta cikin mayafin nan sam. To, zaɓi naka ukun. In shawarata za ka bi, ka riƙe 'ina Hajjo take', su za su kai ka."

Shekarau ya girgiza kai. Sa'an nan ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙafa tana iya neman hanya ko babu baki. Amma in na same ta na tsaya a gabanta, ban iya gaya mata ko ni wane ne ba, me na je yi? A bar mini 'ni ne babanki'."

Masaƙa suka tsai da aiki suka dube shi. Magajiya ta ce, "Hanyarka za ta yi tsawo." Ta yi ishara.

Aljani guda ya sa yatsa a kan harshensa ya jawo zare, ya fara naɗewa a kwarkwaro. Sunayen kifaye suka fita, da na iskoki, da gaisuwar safe da ta yamma, da waƙar da yake yi in yana tuƙi. Sunan uwarsa ya fita. Sunan Tasalla ya fita. Daga ƙarshe sunan Kyallu ya fita, sunan da kunyar 'yar fari ta hana shi kira ko sau ɗaya tun da aka raɗa mata shi. Ya kai hannu zai kamo, zaren ya riga ya shige.

Ya farka a cikin jirginsa a bakin Marken Ruwa. Ya leƙa ruwa ya ga gemunsa ya yi fari fat. Inda ɗakinsu yake, wata bishiyar kanya ta girma har tana 'ya'ya. Ashe abin da ya ɗauka yini guda ne, shekaru ne masu yawa a duniya.

Ya bar jirgi ya kama hanya. Ya san masu shanu kudu suke yi da rani, su dawo arewa da damina, sai ya bi sawun shanu. Ruga bayan ruga yake shiga, ya tsaya yana duban fuskokin mata. In aka ce masa, "Baba, lafiya? Wa kake nema?" sai ya buɗe baki, abin da ke fita shi ne, "Ni ne babanki." Mata su kwashe da dariya. A wani wuri samari suka ɗauka zagi ne, suka yi masa dukan da ya karya masa haƙarƙari. A wani gari aka ɗaure shi a turu da mahaukata, sai da wani mai tausayi ya kwance shi. Ya yi dako, ya yi faskare, a ba shi abinci ya ci ya wuce. Ko godiya ba ya iya yi, sai ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har ya daina lura.

Wata rana da la'asar ya hau wani tudu mai sanyi, inda ciyawa ta kai ƙugu. Ya tarar da 'yar ruga, da wata tsohuwa zaune gindin ɗorawa tana gyaran ƙwarya. Ya tsaya yana dubanta. Ita ma ta ɗaga kai, ta kare ido da hannu, sai ƙwaryar ta suɓuce mata.

Ta ce, "Mai fito? Kai ne, ko idona ne ke yi mini gizo?"

Ya durƙusa a gabanta.

Hajjo ta kama hannunsa ta tattaɓa, ta fashe da kuka. Ta ce, "Wallahi ban sace ta ba, mai fito. Matarka ce ta hauro tudu da gudu ta miƙo mini ita, ta ce in riƙe mata, za ta koma ta fito da wata gurguwa. Na jira har rana ta faɗi. Mazanmu suka kora shanu, ruwa na bin mu, dole na bi su. Da rani na koma, na tarar da kufai. Waɗanda na tambaya suka ce matar ta rasu, mijin kuma ya shiga kogi bai fito ba. Ka yi magana mana! Me ya same ka?"

Ya nuna bakinsa, ya girgiza kai.

Suna nan sai ga wata mace ta hauro daga kasuwa, ƙore a kanta, goyo a bayanta. Tafiyar Tasalla ce sak, har yadda take ɗan karkata kafaɗa. Shekarau ya dafa bishiya ya miƙe. Ya tare ta, ya dube ta. Kalmomin da aka yi ta yi masa dariya a kansu, aka doke shi a kansu, yau suka ƙi fitowa sai da ƙyar.

Ya ce, "Ni ne babanki."

Matar ta ja da baya, ta dubi Hajjo, ta yi mata magana da Fillanci. Hajjo ta amsa mata da Hausa don ya ji, ta ce, "Kumbo, gaskiya ya faɗa. Shi ne mai fiton da nake ba ki labari."

Kumbo ta sauke ƙoranta a hankali. Ta daɗe tana kallon farin gemun, da ƙafafun da suka tsattsage. Sa'an nan ta durƙusa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Baba, me sunana na gaskiya? Inna Hajjo ta ce ba ta taɓa ji ba, uwata ba ta kiran sunana. Ita kuma me sunanta? Tana da faɗa? Ta sha wuya kafin ta rasu?"

Duk amsoshin suna nan a ƙirjinsa, a jere. Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Abin da ya fito dai shi ne, "Ni ne babanki." Ya sake gwadawa, shi ne dai. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

Kumbo ta juya ta ɗebo nono a ƙaramar ƙwarya, ta janye hannuwansa daga fuskarsa, ta ce, "Na ji, Baba. Ya isa. Sha."

A rugar ya zauna. Mijin Kumbo ya yi masa bukka kusa da tasu. Da safe in ta tafi talla, takan bar masa jaririyar, ya zauna da ita a inuwa yana jijjiga ta, yana yi mata gunji maras kalma. Wani lokaci Kumbo ta zauna kusa da shi tana jero sunayen mata da ta ji a kasuwa, ko za ta dace da nata ko na uwarta, shi kuma yana girgiza kai. Ba ta taɓa dacewa ba. Daga baya ta ga abin yana sa shi kuka, ta bari.

Bai daɗe ba. Da ruwan fari ya sauka, ciwon haƙarƙarin nan ya tashi, ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Kumbo na riƙe da kansa ya cika.

Da maza suka taru za su yi masa salla, limamin da aka kira daga ƙauyen gindin tudu ya tambaya, "Mamacin, me sunansa?"

Aka dubi Hajjo. Ta ce, "Mu dai mai fito muke ce masa."

Liman ya ce, "A tambayi 'yarsa."

Aka aika bayan bukka inda mata suke. Kumbo ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ku ce masa babana ne."

Da wannan aka yi masa salla, aka rufe shi a kan tudun, nesa da kowane kogi. Iyakar abin da masu fito suka riƙe na labarin Shekarau ke nan.